Gargaɗi: ya ce "an gama kashi 80", ya riƙe mini rabin kuɗin mota

Jama'a, raina a ɓace yake. Rabin kuɗin mota na ba mutumin nan kafin alƙalami, ban ɗauki ko kusa ɗaya daga garejinsa ba, yau ga shi ba mota ba kuɗi, kuma ya sake saka ta a kasuwa da kalmar da ya kama ni da ita: wai an gama kashi 80 cikin 100 na aikin gyaranta.

Motar Mercedes-Benz ce, tsohon samfurin da ake kira W123, ƙirar 280E mai injin M110, silinda shida. An kwance ta, bodi na gefe an yi masa fentin farko mai ruwan toka, injin na gefe an naɗe shi da leda, sauran kaya a kwalaye. Kada wani ya zo yana cewa cinikin biri a sama na yi. Na je da kaina, na ga mota. Na duba lambar cesis, ta fara da 123.033, wadda ita ce ta 280E. Na tafi da maganaɗisu na bi ƙofofi da gefen tayoyi, yana kamawa, alamar ƙarfe ne ba ciko ba. Na ɗauki hoton rasit ɗinsa ɗaya bayan ɗaya. Farashi ma ban yi shi da ka ba: na ɗauki abin da irinta kammalalla take yi a kasuwa, na cire kuɗin aikin da ya rage, na sake cire wani abu saboda abin da ido bai gani ba, don kowa ya san motar da ke cikin kwalaye ba ta kai wadda ke tafiya da ƙafarta ba. Ya so ya lissafa mini abin da ya kashe, na ce abin da ka kashe naka ne, abin da ya rage nake saye.

Abin da ke hana ni barci shi ne wurin baturi. Shi da kansa ya ja hannuna, ya nuna mini tsatsa a ƙarƙashin mazaunin baturi, ya ce, "Ɗan'uwa, ni ba na ɓoye aibi, ga shi nan ka gani da idonka." Ban tambaye shi ba. Shi ya nuna. Wa zai ga haka ya ce ɗan damfara ne? Ashe ƙaramin ya nuna mini don in daina neman babban. "Ni ba na ɓoye aibi." Har yanzu ina jin muryarsa.

Ranar ɗauka na je da mai walda. A'a, kafin nan ma ya kira ni da dare yana cewa wani ya taya sama da nawa, in ƙara wani abu ko in hanzarta, wannan kiran ne ya sa na tura rabin kuɗin. To, mai walda ya ɗaga kafet, wanda aka manne da gam sabo fil. Ƙasan motar a ɓangaren direba tsatsa ta cinye, an ɗora falle-fallen ƙarfe an shafe da baƙin fenti mai kauri. Ya sa sukundireba a wurin da ake kafa jak, sai ta shige ciki kamar a cikin biskit. Duk wanda ya san W123 ya san aikin nan shi ne mai cin kuɗi, kuma a lissafina na sa shi cikin abin da aka gama, domin abin da mai motar ya faɗa mini ke nan.

Muka kwance ledar injin da ya rantse an yi masa aiki gaba ɗaya. Aka sa sifana a gaba don a juya shi, ko motsi bai yi ba. A ranar farko na nemi a buɗe, ya ce an zuba mai an rufe, buɗewa za ta sa ƙura ta shiga, kuma magana ce mai ma'ana, makanikai suna yin haka. Da na koma kan hotuna, lambar injin da ke kan rasit daban, wadda ke jikin injin daban. Rasit ɗin wata mota ne. Kwalayen kuma, bamba ta gaba da fitilun da na gani da idona babu su. Kashi 80 ɗin ke nan.

Na ce a fasa, a ba ni kuɗina. Ya ce kafin alƙalami ba ya dawowa. Rabin kuɗin mota fa! Yanzu ko waya ba ya ɗauka.

Hotunan rasit, hoton ƙasan motar da saƙonninsa duk suna wayata, zan saka su da zarar na rufe lambobin waya da ke jiki. Mai niyyar sayen irin wannan: a ɗaga kafet, a juya injin a gabanka, a haɗa lambar rasit da ta injin, a rubuta abin da ke cikin kowane kwali ku sa hannu ku biyu. Kada ka ba da ko sisi sai ranar da za ka ɗauka. In ka ga tallar 280E mai ruwan toka an rubuta kashi 80, ita ce.