Ƙarin mahaifa: a cire ƙarin ko a cire mahaifar?

Idan hoto ya nuna ƙari a mahaifa, likita ya ce sai tiyata, hanya biyu ce a gabanki. Irin ƙarin nan dai, wanda likitoci ke kira fibroid, ba daji ba ne, kuma mu baƙaƙen mata ya fi kamawa.

Ta farko, a tsince ƙarin a bar mahaifa. Mai neman haihuwa nan za ta karkata, sai dai ƙarin kan sake tsirowa, kuma wataƙila haihuwar gaba sai an yi aiki. Na ga wata a layin ganin likita nan Jos, tafin hannunta fari fat saboda zubar jinin da ƙarin ke jawowa, karo na biyu ke nan da ya tsiro mata.

Ta biyu, a cire mahaifar ɗungurungum. Jini ya tsaya, ƙari ba ya dawowa, haihuwa ma ta ƙare. Ba wuƙar ke hana mata barci ba, bakin dangin miji ne da zancen kishiya.

Ni dai, mai 'ya'ya shida da ke jiƙe zani duk wata, ban ga abin jira ba. Wadda ta kusa daina al'ada kuwa, ta tambayi likita ko ta dakata, don ƙarin kan motse bayan nan.