Bindigar Airsoft ko ta Gaske Wajen Horo?

Masu gadi a Gombe suna yawan tambayata ko bindigar airsoft za ta wadatar wajen horo. Ƙwayar roba mai faɗin milimita 6 take harbawa, shi ya sa take da araha, har mutum ya yi ta maimaita riƙo da saiti, muddin ya sa tabarau na kariya, domin ƙwayar tana iya fasa ido. Sai dai ba ta da ƙara ko bugun kafaɗa kamar bindigar gaske, alhali nan ne sabon shiga yake rikicewa. Ta gaske kuwa sai da lasisi, ga tsadar harsashi da haɗarin rasa rai. Airsoft ta dace da mai koyo a killataccen wuri, amma jami'in da zai tunkari 'yan bindiga dole ya saba da ta gaske.