Allon bakin lungu: wasiƙa daga Edinbura

Assalamu alaikum Yaya. Ina fatan kuna lafiya. Ya jikin Inna, ya kuma kasuwa? Ka ce in daina cika ka da labarin sanyi, in faɗa maka yadda 'yan kasuwar nan suke yi. To ga wani abu da ya tsaya mini a rai, don ya shafi shagonka kai tsaye.

A tsohon garin Edinbura, babban birnin Scotland, akwai babban titi da ake kira Royal Mile, ya taso daga tsohuwar fadar da ke kan dutse ya gangara har fadar Holyrood. Hagu da dama duk lunguna ne tsukakku, irin na wajen Kurmi, wasu ko mutum biyu ba sa jerawa. Bambancin shi ne kowane lungu da sunansa a rubuce a saman mashiga.

Kwanakin baya zif ɗin rigar sanyina ya lalace, aka yi mini kwatancen wata tela a irin wannan lungu. Waya ta kai ni har bakin titi ta ce na iso, ni kuwa ban ga komai ba sai bango. Na kai na kawo sau biyu. Sai idona ya faɗa kan wani ɗan allo da bai fi tafin hannu biyu ba, an kafe shi a jikin mashigar, da hoton almakashi da kibiya. Na bi, sai ga shago a can ƙurya, da keken ɗinki biyu. Farashin kowane gyara yana manne a bango, ba ciniki ba albarka. Abin da na biya zai ɗinka mini sabuwar riga a gida, amma ta ce in dawo Laraba, Larabar kuwa na tarar da rigata a rataye.

Da can masu shagunan lungu sukan fito da allo mai ƙafafu su girke a hanyar masu tafiya a ƙasa, da safe a fitar, da yamma a shigar. A watan Nuwamba na 2018 hukumar birnin ta hana wannan a ko'ina. Dalilinta shi ne makafi suna tuntuɓe da allunan, masu keken guragu da mata masu tura keken jarirai kuma sai sun sauka kan kwalta kafin su wuce. Ni dai na ga hujjar, domin na taɓa ganin makaho da sandarsa yana ratsa cunkoson titin nan. Sai dai nauyin dokar bai faɗo daidai ba. Mai shagon bakin titi gilashinsa ma talla ne, na cikin lungu kuwa allon nan ne bakinsa. Shi ya sa suka yi ta ƙorafi.

Matsalar ma tsohuwa ce. A birnin York akwai wata mashaya da ke cikin lungu a titin Stonegate, tun 1733 aka gitta katako daga wannan gini zuwa wancan aka rubuta sunanta a kai, har yau yana nan.

A Landan kuma na ga wani salo. Tun 2007 hukumar sufurin birnin ta fara kafa dogayen alluna masu kai ruwan ɗorawa, ɗauke da taswirar unguwa. Taswirar tana kallon inda kake kallo, abin da ke damanka a allo shi ne a damanka a titi, an kuma zana da'ira da ke nuna inda za ka kai cikin minti 5 da minti 15 a ƙafa. Ba talla suke yi wa kowa ba, amma baƙo idan ya ga ƙaramin titi a taswira ya san inda zai ɓulle, sai ya yarda ya shiga.

Duk wannan sai ya tuna mini Kantin Kwari. Mu a wajenmu mutum ne allo. Ka tambayi mai shayi ya nuna maka, wani ma ya bar rumfarsa ya raka ka, kuma wallahi ina kewar wannan, don a nan sai ka yi yawo ba wanda ya ce maka me kake nema. Amma kai ma ka san abin da ke biyo baya. Matar da ta taso daga Maraɗi ko Yola neman atamfa tun a bakin titi ɗan kamasho zai tare ta, ya kai ta inda zai samu la'ada mai tsoka, a ɗora mata kuɗinsa a kan kaya. Kai da ke can ciki, kayanka da kyau, farashinka da sauƙi, ba ta ma san da kai ba. Sau nawa ka ce mini kwastoma ya kira ka yana bakin layi har katinsa ya ƙare?

Ga shawarata. Ku 'yan layinku ku yi karo-karo ku sa mai fenti ya yi allo ɗaya a bakin layin, a kafe shi sama a jikin bango inda ba zai tare masu baro da 'yan dako ba. A sa lambar kowane shago da abin da yake sayarwa, shadda ko leshi ko atamfa, da kibiya. A rubuta da boko da ajami, a ƙara da hoto saboda wanda bai yi karatu ba. Ku fara sanar da shugabannin kasuwa, kada wani ya wayi gari ya cire.

Na ɗauki hoton allon telar nan da na Landan, zan turo maka ta WhatsApp ka nuna wa maƙwabtanka. Idan sun amince, kasonka ni zan biya. A gaida Inna da yara.

Ƙaninka.