Bindigar kaka: a goge a ajiye, ko a sauya mata bututu?

Malam, ka ce kun tarar da bindigar kakanku a bayan sif a gidanku na Tudun Wada, mai cin harsashi ɗaya, da wani hannu a ƙasan kunama da ake dannawa ta buɗe, bututun kuma ya ci tsatsa. Kana tambaya ko a sa mata sabon bututu ta koma harbi, ko a gyara ta yadda take. Allah ya jiƙan tsoho.

Kwatancenka ya yi kama da Martini-Henry, wadda sojojin Ingila suka fara riƙewa a 1871. Duba gefen dama na ƙarfen tsakiya. Idan ta gaske ce za ka ga kambin sarauta, da haruffan V.R. na Sarauniya Biktoriya, da shekarar ƙira, sau da yawa har da sunan Enfield, wurin da aka ƙera ta a Ingila.

Bari in fara da sauya bututu, tunda na ga can zuciyarka ta karkata. Abin ba baƙo ba ne: Turawan da kansu sun yi shi, daga 1895 suka riƙa cire tsohon bututu mai cin harsashin .577/450 suna sa na .303. Amma su a masana'anta suka yi, kuma kowace sai an gwada ƙarfinta kafin a miƙa wa soja. An ƙera ta ne don baƙin albarushi, harsashin yau kuwa ya fi shi matsi nesa ba kusa ba, ga ƙarfen ya haura shekara 130. Kuskure kaɗan, a fuskarka za ta fashe.

Sai batun hukuma, wanda shi ne babba. Dokar makamai ta 1959 ta hana ƙera bindiga ko gyara ta ba tare da izini ba. Bindigar toka irin ta maharba, Kwamishinan 'Yan Sanda ke ba da lasisinta. Ta farauta mai cin harsashi, Sufeto Janar. Bindigar soja mai cin harsashin .303 kuwa tana cikin haramtattu, sai da amincewar Shugaban Ƙasa. Ka ga ke nan sabon bututu na iya ɗauke ta daga kayan gado ya kai ka inda ba ka shirya ba. Kada ma ka tuna DICON, masana'antar ƙera makamai ta Kakuri a Kaduna, aikin soja suke yi tun 1964, ba wurin kai bindigar kaka ba ne.

Gyara a ajiye kuwa ba ya cin kuɗi, haƙuri yake ci. Da farko wanda ya san bindiga ya tabbatar babu tsohon harsashi a ciki. Sannan tsumma mai laushi da ɗan man keken ɗinki, a shafa, a bari ya kwana, a goge, a sake. Jar tsatsar nan mai barin gari a yatsa ita ake so ta tafi; duhun da ƙarfen ya yi saboda tsufa a ƙyale shi, shi ne adonta. Ƙotar ma kada a kankare ta, a dai duba ƙananan ramuka, in ana ganin gari na zubowa to ƙwaro ya shiga.

Na ga abin da gaggawa ke yi. Kawuna ya ba wani mai walda tasa, mutumin ya bi ta da injin gurza har ta yi ƙyalli kamar sabon cokali. Kambin da shekarar duk suka tafi. Ranar da aka dawo da ita kawu ya daɗe yana shafa wurin da babban yatsa, bai ce uffan ba.

Ni dai da tawa ce, ba zan taɓa bututun ba. A cikinsa ne aikin Alexander Henry yake, waɗannan layukan da ke murza harsashi, rabin sunan bindigar ke nan. Ka ajiye ta inda iska ke shiga, ba cikin buhu ko leda ba, don danshin Agustan Kaduna ba ya raga wa ƙarfe. Kafin komai dai ku je hedikwatar 'yan sanda, kai da babban wanku, ku ji matsayin takardunta, amma ku bar ta a gida, hotonta ya isa. Idan riƙon ya yi muku nauyi, ku tuntuɓi gidan tarihi da ke titin Ali Akilu.