Kuɗina bai tafi a banza ba a Fort Monroe, amma jagoranmu ya gaggauta

Asabar ɗin da ta wuce na bi motar wani kamfanin yawon buɗe ido zuwa Fort Monroe, tsohon sansanin soja a bakin teku a jihar Bajiniya ta Amurka. Mota tsaf, direba mai haƙuri. Abincin rana kam burodi ne da naman alade, sai ayaba na ci na sha ruwa.

Labarin da ya kai ni shi ne na watan Mayun 1861, yaƙin basasa na farawa. Bayi uku, Frank Baker da Shepard Mallory da James Townsend, suka gudu cikin kwalekwale da dare daga inda aka sa su gina wa 'yan tawayen Kudu ganuwa, suka shigo wannan sansanin da ke hannun sojojin Arewa. Ubangidansu ya aiko a mayar masa da su. Kwamandan sansanin, Janar Benjamin Butler, wanda lauya ne tun kafin ya sa kaki, ya ce ai Bajiniya ta ce ta balle, to dokar mayar da bawan da ya gudu ba ta shafe ta ba. Ya riƙe su a matsayin ganimar yaƙi. Kun ji fa, bai kira su 'yantattu ba, dukiyar abokin gaba ya kira su. Duk da haka ta wannan kafar dubbai suka kwararo. Jagoranmu ya iya ba da wannan labari, har jikina ya yi sanyi, musamman da ya nuna gaɓar da aka sauke 'yan Afirka a 1619, wuri guda ne.

Inda ya ɓata mini rai, mun kusa awa a ɗakin da aka tsare Jefferson Davis, shugaban 'yan tawaye, ana ta ɗaukar hoto. Bishiyar da ke garin Hampton kuwa, wadda aka karanta shelar 'yanta bayi ta Shugaba Abraham Lincoln a ƙarƙashinta a 1863, minti goma ya ba mu. Bai ma faɗa cewa shelar ta tsame yankin Elizabeth City ba, wato ƙasar da bishiyar take tsaye. Sai da gyaran tsarin mulki na 13 ya tabbata a Disambar 1865 aka haramta bauta a duk faɗin ƙasar. Da na ɗago maganar, sai ya duba agogo ya ce mota na jira.

Wanda zai je ya riƙo guzurinsa, ya kuma nemi a fara da bishiyar.