Sharhi: Koyon nutso kan matattun jiragen ruwa a tekun Legas

Masu tambayata ko kuɗin da na zuba a makarantar koyon nutso sun biya, ga amsa a taƙaice: horon ya biya har da riba, kayan hayar kuwa da sauran gyara. Tun da abokan kasuwancina na Mile 12 suka ji cewa ina goya tukunyar iska ina shiga ƙarƙashin teku suka sa ni gaba da tsiya, wai Bahaushe ina shi ina teku, in ruwa nake so in tafi Argungu. To, ga bayani dalla-dalla, don mai sha'awa ya san inda zai sa kuɗinsa.

Makarantar tana bin tsarin PADI ne, wato ƙungiyar horar da masu nutso ta duniya, kuma ba a tsallake mataki. Kafin komai sai ka cike takardar lafiya, inda za a tambaye ka batun asma, zuciya, hawan jini da kunne, sannan ka yi iyo na mita 200 ba tsayawa, ka kuma zauna a saman ruwa minti 10 ba ka kama komai ba. Matakin farko yana ba ka izinin sauka zuwa mita 18, na biyu zuwa mita 30. Kwas ɗin matattun jirage yana zuwa ne bayan ka wuce matakin farko ka ƙara gogewa, kuma nutso huɗu ne cikin kwana biyu. Karatun littafin ta intanet ake yi, da Turanci, kuma ba shi da wuya ga wanda ya yi sakandare. Abin da ya zauna mini daga ciki shi ne lissafin matsin ruwa: duk mita 10 da ka sauka, nauyin da ke kanka ya ƙaru da kwatankwacin na sararin sama gaba ɗaya. Ke nan a mita 30 kana zuƙe iska ninki huɗu na abin da kake sha a sama. Tukunyar da aka cika zuwa bar 200 (bar ma'aunin matsin iska ne), wadda kake gani kamar za ta kai ka la'asar, kafin ka ankara allurar ma'aunin iskar ta doshi 50, lokacin hawa ya yi.

Inda makarantar ta ci kuɗinta shi ne wajen malamin. Mutum ne marar yawan magana, kowa Oga yake ce masa. Ya tsare mu a wurin wanka na gwaji, ya hana mu ganin teku sai da kowa ya iya tsayawa cak a tsakiyar ruwa, ba ya nutsewa, ba ya tasowa, da numfashi kawai yake daidaita kansa. A lokacin na ɗauka ja mana rai yake yi. Amfanin abin a jikin jirgi yake bayyana, domin duk wani lungu na mataccen jirgi cike yake da laka mai laushi da ta shekara tana kwantawa. Wani ɗalibi a rukuninmu ya yi shuri irin na masu iyo a kogi, ƙafa sama ƙafa ƙasa, nan take ruwan ya koma kamar kunun tsamiya, hasken tocila ma bai wuce tsawon hannu. Shi ya sa ake koya maka shurin kwaɗo, ƙafafu suna turawa baya, ba ƙasa ba. Sama ma ba a tsira ba: kumfar numfashinka tana bugun rufin ƙarfe, tsatsa ta riƙa zubo maka.

Sai zare. Ƙaramin gwangwani ne mai naɗe da igiya fara, shi ne mafi arha a cikin kayan, kuma a kansa aka fi ɓata lokaci. A kan yashi muka fara: ka ɗaura bakinsa a waje, ka riƙa warwarewa kana maƙala shi a wurare masu ƙwari, kada ya yi sako-sako ya naɗe maka ƙafa, kada ya shige wata tsaga da jikinka ba zai bi ba. Daga nan Oga ya rufe mana ido, ya ce kowa ya komo da laluben zare tsakanin yatsa biyu. Dokokin shiga ciki ba su da yawa, amma ba sassauci. Ba a wuce inda hasken rana yake kaiwa. Zurfin da kake da nisan da ka shiga, in an haɗa, kada su haura mita 40. Iska kuma kashi uku ake raba ta: ɗaya na shiga, ɗaya na fita, ɗaya ajiya ce ba a taɓawa. Ya ce mana, da Hausarsa ta barikin soja, iya ruwa fid da kai. Ban san inda ya tsinci karin maganar ba, amma ya ajiye ta a gurbinta.

Tekun Legas ba irin wanda ake gani a hotunan yawon buɗe ido ba ne. Kwalekwale mai inji yana ɗaukarku daga Victoria Island, ku wuce Tarkwa Bay, ku fita ta tsakanin dogayen katangun duwatsun da Turawan mulkin mallaka suka jera a bakin mashigar tashar jiragen ruwa tun farkon ƙarni na 20. Da kun wuce su, igiyar ruwan Atlantika ta karɓe ku, kuma wanda ya cika ciki da waina da safe zai yi bayani. Gaɓar Legas tana da jiragen da aka yasar da yawa, har hukumar NIMASA mai kula da harkar jiragen ruwa takan ba da aikin kwashe waɗanda suke tare hanya. Wanda muka yi horo a kansa ya zama gari guda: kawa ta lulluɓe ƙarfen, ƙananan kifaye suna shiga ta taga suna fita ta ƙofa, ga ragar masunta da ta maƙale tana kaɗawa. Ragar nan ita ce abin tsoro, ba kifi ba. Kada ka sauka ba wuƙa ko almakashi a inda hannunka zai kai.

Yanzu kayan haya. Tukunya da na'urar shaƙa ba ni da ƙorafi a kansu, na duba hatimin gwaji a wuyan tukunyar, bai wuce shekara biyar ɗin da aka ƙayyade ba, iskar kuma ba ta warin mai. Amma rigunan roba duk sun saki, falmaran ɗin iska mai daidaita nutsewa da tasowa da aka ba ni maɓallinsa yana maƙalewa sai da aka canja, tocilar haya kuwa haskenta ja ne tun daga sama. Makarantar da take koyar da shiga duhu bai kamata ta yi wasa da tocila ba. Jadawalinsu ma ba ya tsayawa, ana ɗage fita a daren jajibere. Wani lokacin laifin teku ne, wannan na yarda, amma saƙon waya da wuri ba ya cin kuɗi, musamman ga wanda zai taso daga Agege da asuba.

Shawarata, kada ka sayi kaya gaba ɗaya tun farko, dala ta yi tsada kuma ba ka san me zai dace da kai ba. Sayi gilashin fuska naka, ka gwada shi a shago: ɗora a fuska ba tare da maɗauri ba, ka ɗan ja numfashi ta hanci, in ya manne to naka ne. Masu gashin baki irina, ruwa zai riƙa shigowa ta ƙarƙashin hanci, sai ka ɗan rage saman gashin ko ka shafa man silikon. Sai agogon nutso. Suunto Zoop na saya, ƙato ne, ba shi da kyan gani, amma lambobinsa manya ne, ana karanta su a ruwan da ya gurɓace, kuma shi zai ƙirga maka minti uku na tsayawa a mita biyar kafin ka fito. Ƙara da tocila biyu, zare, da jan balan-balan da ake turawa sama don masu kwalekwale su san akwai mutum a ƙasa. A mashigar da jirage ba sa yankewa, wannan dole ne.

Abu biyu da suka shafe mu musamman. Ban ba kowa shawarar nutso da azumi a baki ba, domin ƙarancin ruwa a jiki yana ƙara haɗarin ciwon da kumfar nitirojin ke haddasawa a jini. Sannan masu saurin komawa Kano ko Kaduna ta sama, sai an jira aƙalla awa 12 bayan nutso ɗaya, awa 18 in an yi fiye da ɗaya, kafin a hau jirgi.

Wanda zai yi rajista ya nemi lokacin rani. Da damina ruwan tafkin Legas yana kwararowa da laka ya turbuɗe bakin tekun, ka biya kuɗi ka dawo ba ka ga komai ba. Ka kuma tambaye su ɗalibai nawa ke bin malami ɗaya a ranar shiga cikin jirgi. Mu bibbiyu ya riƙa shiga da mu, sauran suna jira a kwalekwale.