A Midsummer Night's Dream bugun Folger, ya ci kuɗinsa kuwa?

Masu tambaya wane bugu za su saya wa yara masu karanta adabin turanci, tunda WAEC ta saka wannan wasan na Shakespeare a manhajar 2021 zuwa 2025 kuma a jami'a ma ana karanta shi, to ni dai na Folger (wani laburaren Shakespeare a Amurka) na saya, wanda Barbara Mowat da Paul Werstine suka tace.

Tsarin shi ne ya ja ni, wasan yana shafin dama bayani kuma a shafin hagu daidai layin, ba sai ka dinga komawa ƙarshen littafi ba. Kuma wallahi wasan nan in ba bayani rabin dariyar wuce ka za ta yi, don cike yake da tatsuniyoyin Girkawa da Rumawa, mutanen Landan na wajen 1595 da suka yi makaranta sun sansu, mu kuwa ina muka gansu.

Misali Helena tana bin Demetrius a daji yana gudun ta, sai ta ce yau Apollo ke gudu Daphne na bin shi. Yaro zai karanta ya wuce kawai. Alhali a asalin labarin Apollo, ɗaya daga allolin Girkawa, shi ne ya addabi Daphne da bi har ta rikiɗe ta zama bishiya don ta tsira, wato Helena cewa take duniya ta juya, mace ke farautar namiji. Haka Hermia da za ta yi wa Lysander alkawari sai ta rantse da wutar da ta ƙone sarauniyar Carthage, Dido kenan da Aeneas ya yaudara ya shiga jirgi ya tafi, ka ga rantsuwar soyayya amma da gori a ciki.

Inda na fi jin daɗin shafin hagun shi ne wajen su Bottom masaƙi da abokan shi masu sana'ar hannu da suka ce za su yi wasan Pyramus da Thisbe a bikin auren Theseus mai mulkin Athens da Hippolyta. Labarin daga littafin Metamorphoses na Ovid, mawaƙin Rumawa, yake, wanda Arthur Golding ya fassara zuwa turanci a 1567, masoya ne a Babila da suke zance ta tsagar katanga har suka mutu saboda rashin fahimta kan zaki, abin kuka ne fa, amma su Bottom suka dagula komai, kabarin Ninus ya koma na Ninny, Hercules ya zama Ercles, Leander ya zama Limander, Cephalus da Procris suka koma Shafalus da Procrus. In ba ka san sunan gaskiya ba ta ina za ka gane kwaɓa aka yi? sai ka ɗauka haka sunan yake.

Sai dai fa bayanin gajere ne, layi ɗaya biyu an wuce. Wajen da Oberon sarkin aljanu ke lissafo matan da Theseus ya yasar irin su Ariadne, na so a ce an ɗan baje labarin, don shi zai nuna maka angon nan ba kanwar lasa ba ne. A nan sai malami ya cike ko a duba intanet. Hotunan tsoffin zane da ke ciki suna taimakawa, amma baƙi da fari ne kuma ƙanana.

Kuɗin shi ya fi na kwafin nan na bakin titi da ba bayani ko ɗaya. Ɗan sakandare ko ɗan aji ɗaya a jami'a wannan ya ishe shi, mai rubuta firojet kuwa ya nemi bugun Arden, bayanin can ya fi zurfi sosai.